Majigi Da Masu Gyaran Inji: Tarihin Kallon Fim A Ƙasar Tofa

Masana sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tarihin fim a ƙasar Hausa, amma galibinsu birni suka dosa, watau gidajen silima na Kano da Kaduna, da 'yan wasa, da masu zuba jari. Ni kuwa mutumin Tofa ne, tsohon malamin makaranta, kuma abin da ya haɗa ni da wannan fanni bai wuce sha'awa ba. A wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren gidana na tara tsofaffin injuna waɗanda mutane suka yar, ina kwance su, ina ɗaurawa, wani ya tashi, wani ya ƙi. A cikin wannan maƙala ina so in bi tarihin kallon fim ta ɓangaren karkara, in nuna cewa a wurinmu hoto da injinsa tare suka zo, tare kuma muka so su, sa'an nan in ja hankalin mai karatu ga wata asara da ke tafe a hankali, wadda masu gyaran inji suka riga masana hangowa.

Asalin Majigi

A birnin Faris na ƙasar Faransa ne wasu 'yan'uwa biyu, 'ya'yan gidan Lumière, suka fara nuna hoto mai motsi ga jama'ar da ta biya kuɗi, a watan Disamba na 1895. Ba a yi shekara goma ba abin ya iso Nijeriya, aka nuna shi a zauren Glover na Ikko a 1903. Amma hanyar da ya bi ya shigo ƙauyukanmu daban ce. Wani Baturen ma'aikatar lafiya, William Sellers, shi ne ya fara amfani da fim a Ikko wajen ƙarshen shekarun 1920 don faɗakar da mutane a kan annoba da tsabta. Da aka ga abin yana ci, sai gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai na ƙasashen da take mulka a 1939, ta ɗora shi a kai. Daga wannan tushe motocin majigi suka fito, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaje su, ta ci gaba da aika su lardi-lardi har bayan samun mulkin kai a 1960.

Kalmar majigi kanta aro ce daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa ta haska hotuna a bango, wadda ma'anar sunanta shi ne fitilar sihiri. Bahaushe ya tauna sunan ya fito da nasa. Akwai kuma waɗanda suka riƙa ce wa abin dodon bango, wannan kuwa ya isa ya nuna irin kallon da aka yi masa da farko.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Tofa a shekarun 1960 ba zai manta ranar zuwan majigi ba. Ƙasarmu ƙasa ce mai cike da mutane, gona na jikin gona, gida na hangen gida, babu wani daji tsakanin wannan ƙauye da wancan. Saboda haka da zarar sanƙira ya yi shela da hantsi, kafin la'asar labari ya game ko'ina, mutanen Lambu da na Doka da sauran unguwanni sun kamo hanya. Motar takan tsaya a fili, a kafa sanduna biyu, a ɗaura farin ƙyalle, a tayar da janareta. Mu yara ba ma jiran magariba. Tun ana sauke kaya muke kewaye da ma'aikatan, muna kallon yadda ake zura zaren fim ta cikin ƙananan ƙafafun inji, da yadda ake goge gilashi, da yadda ake jan waya zuwa lasifika.

Tsarin kallon kusan ɗaya ne kullum. A fara da labarun ƙasa, a ga Sardauna yana rangadi ko yana buɗe wata ma'aikata. Sai fim na koyarwa, a kan rigakafi ko tsabtar rijiya ko takin zamani, irin su Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noma, da fina-finan da Alhaji Adamu Halilu ya yi wa gwamnatin Arewa. Wani lokaci a rufe da abin dariya, irin na Charlie Chaplin, wanda ba ya bukatar tafinta. Sauran kuwa akwai mai bayani riƙe da abin magana, yana fassara, yana ƙara gishiri, har wani lokaci abin da yake faɗa ya fi abin da ke kan ƙyallen daɗi. A ganina wannan mutum shi ne ɗan wasan fim na Hausa na farko, ko da yake fuskarsa ba ta taɓa fitowa ba.

Birni Da Ƙauye

A birnin Kano kuwa labarin ya sha bamban. Gidan silima na Rex, wanda aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa yake, kuma Kwarori ne suka riƙe wannan sana'a shekara da shekaru. Ran 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin uƙuba. Mai sha'awar inji kuma zai ƙara da cewa zaren fim na gidajen silima na wancan zamani, mai faɗin milimita 35, da wani sinadari ake yin sa wanda ke kama wuta kamar fetur, in ya kama kuwa ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. A daidai waɗannan shekaru ne kamfanonin duniya suka bar yin irinsa. Da aka buɗe silimar Palace a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an yi ta ƙorafi ƙwarai. Tun daga nan zuwa silima ya zama abin da ɗan mutunci ke yi a ɓoye, mace kuwa in ta shiga ta zubar da ƙimarta.

Majigi bai gamu da wannan ƙyama ba, domin na hukuma ne, kyauta ne, a fili ake yi, dagaci da limami suna zaune a gaba. Ƙaramin zaren da yake amfani da shi, mai faɗin milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, tun asali ba mai saurin kama wuta ba ne. Amma bambancin da ya fi damuna a nan shi ne na wurin da inji yake. A silima injin yana can sama cikin wani ɗaki a kulle, ɗan kallo ba ya ganin kome sai haske yana fitowa ta taga. A majigi kuwa injin yana tsakiyarmu, muna jin ƙararsa, muna jin ɗuminsa. In zare ya tsinke, a gabanmu ake kankare bakinsa a liƙe. In faifai ya ƙare, mai ƙafa 400 kuwa minti 11 kawai yake yi, a gabanmu ake sa wani. Yaron birni ya tashi yana kwaikwayon jarumin fim. Yaron ƙauye ya kwaikwayi jarumin, ya kuma kwaikwayi mai injin.

Majigin Kwali

Kashegarin tafiyar motar sai kowane zaure ya zama ma'aikata. Yaran da suka saba ƙera mota da kara da ɓawonsa ba su ga abin da zai gagare su ba. Majigin da muka fara yi na inuwa ne. A samo kwali, a yanke gabansa, a manna farar takarda ko tsumma, a sa fitilar aci-balbal a baya. Sai a yanka mutane da dawaki da kwali, a soke su a tsinke, a riƙa gilma su tsakanin wuta da takardar. Ɗaya yana motsa su, ɗaya yana bayani da muryar mai bayanin gwamnati. Kuɗin shiga 'yar gyaɗa ce ko anini, wanda ba shi da ko ɗaya kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana gadi.

Mataki na biyu ya fi wuya, shi ne kuma ya kama ni har yau. Yayyenmu masu kai itace da kayan gona birni a kan jakuna, su dawo da taki, sukan tsinto mana guntayen zaren fim da aka zubar a bayan gidajen silima. In ka ɗaga guntun a rana sai ka ga hotuna a jere, kowane da ɗan bambanci kaɗan da na gabansa. Wani malaminmu na firamare, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mana dabarar. A sami mataccen ƙwan lantarki, a fasa gindinsa a hankali, a zubar da abin da ke ciki, a cika shi da ruwa mai tsabta. Wannan ƙwai ya zama gilashi mai tara haske. A kafa shi a cikin kwali, a huda taga daidai girman hoto ɗaya a bayansa, a shiga ɗaki mai duhu. Yaro ɗaya ya tsaya a waje da madubin uwarsa yana karkato hasken rana ta kafar ƙofa zuwa cikin kwalin. Sai ga fuskar wani Ba'indiye a bangon ƙasa, girmanta ya kai faifai.

Ran da muka fara gwadawa mutumin da kansa a ƙasa ya fito. Muka yi ta gardama, har wani ya ce aljanu ne. Malam ya yi dariya, ya juya guntun fim ɗin, ya zana mana a ƙasa yadda haske ke giciye in ya ratsa gilashi. Ban taɓa koyon wani darasin kimiyya da ya zauna mini kamar wannan ba. Abin da ya gagare mu shi ne motsi. Mun yi ta jan zaren da hannu, sai dai mu ga hazo. Sai da na girma na buɗe injin gaske na gane dalili: akwai wata 'yar ƙugiya da ke jawo hoto ɗaya ta tsayar da shi cak, wani marfi mai juyawa ya tare haske lokacin da ake jawo na gaba, a yi haka sau 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Ashe hoton da ke bango bai taɓa motsi ba, ido ne ke haɗa su.

Telebijin Da Batirin Mota

An buɗe gidan telebijin na Kaduna a 1962, amma a ƙauyukan Kano sai bayan da aka kafa tasha a Kano a tsakiyar shekarun 1970 abin ya zama na kowa. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975 ya sa akwatuna sun yawaita a gidajen malaman makaranta da ma'aikatan gona. Daga baya gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa tashar jiha, CTV, wadda yanzu ake kira da sunansa. Matsalarmu ita ce wuta. Sai aka koma ga ƙaramar telebijin mai hoto baƙi da fari wadda ke aiki da batirin mota, a ɗaura batirin a bayan keke a kai caji, a dawo da shi ana lallaɓawa kamar jariri. Eriya kuwa a kan doguwar gora ake ɗaure ta, yaro ya hau katanga yana juyawa, na cikin gida suna ihu, ya yi, ya ɓace, koma baya kaɗan. In batir ya fara rauni hoton yakan tsuke daga sama da ƙasa, mutane su gajarce, a ci gaba da kallo a haka har ya mutu.

Ta wannan akwati muka san Samanja da Kasimu Yero daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos. Ta nan kuma fim ɗin Indiya ya shiga cikin gida, ya sami matan aure waɗanda silima ta haramta gare su. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa tashar NTA ta Kano ta nuna fina-finan Indiya fiye da dubu tsakanin 1977 da 2003.

Ana yawan cewa waƙa da rawa ne suka ja Hausawa ga fim ɗin Indiya. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba, musamman a karkara. A ɗauki Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Labarin wata mace ce da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonar gidansu, mijinta ya nakasa ya bar gari don kunya, ta ja garma da kafaɗarta ta ciyar da 'ya'yanta, daga ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta saboda ya keta mutuncin 'yar mutane. Na kalli wannan fim tare da dattawan da ba su san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, na ga suna share hawaye da bakin rawani. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara don ya biya ninki da kaka, ko ya jinginar da gona, ba ya bukatar a fassara masa. Sholay na 1975 kuwa na samari ne, sun haddace shi tun daga farko har ƙarshe. Har laƙabi aka yi wa 'yan wasan, ana ce wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Ni dai har gobe ina ganin tsofaffin sun fi, domin ba sa gaggawa, suna barin mutum ya zauna da baƙin cikinsa. Amma wataƙila tsufa ne ke magana.

Zamanin Kaset

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, cikin shekarun 1980 kuma ya bazu a Kano. Wannan na'ura ita ce ta mayar da Bahaushe daga ɗan kallo zuwa mai shiryawa. Kafin nan fim na Hausa aikin gwamnati ne ko na mai babban jari, kamar Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa a 1991. Amma a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko. Kafin shekara goma sana'a ta kafu, Sangaya ya fito ya cika kasuwa, aka raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999.

A ƙauye kowane injin bidiyo yana da likitansa. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa, don takan toshe kan da ke karanta kaset, hoto ya koma yayyafi. Mai gyaran rediyo na kasuwarmu, wanda bai yi ko aji ɗaya na boko ba, shi ya koya mini yadda ake jiƙa farar takarda da sifirit a dafa a jikin gangar a juya ta da yatsa a hankali, ba sama da ƙasa ba, don kada kan ya karye. Shi ya koya mini yanka robar tayar keke a maye gurbin bel da ya saki, da buɗe kaset a yanke inda inji ya tauna a haɗa. Irin waɗannan mutane ba su shiga littafin kowa ba, alhali ba don su ba da rabin fina-finan nan ba su kai ƙauye ba.

To, ga inda asarar take. Faifan CD ya kori kaset, waya da katin ajiya suka kori faifai, yanzu yaro yakan je wurin masu turi a zuba masa fim ashirin a waya. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin bidiyo a duniya, ya daina a 2016. Kaset kuwa ba ya jure zafi da laima. Funfuna na cin sa, zaren yana mannewa, hoton yana dusashewa ko ba a taɓa shi ba. Zaren majigi ma yana da tasa cutar: in ka buɗe gwangwani ka ji wari mai tsami, to ya fara ruɓewa, zai kuma harbi na kusa da shi. Ko BBC, da duk arzikinta, ta goge kasakasan shirye-shiryenta masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake ɗaukar wasu a kai, yau tana neman su a hannun masu tarawa.

Shehu Umar ya yi sa'a. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Amma wannan fim ne na gwamnati, daga littafin Firayim Minista. Ƙananan fina-finan kaset na shekarun 1990, waɗanda samari suka yi da kyamarar ɗaukar biki, ba wanda zai zo daga Jamus neman su. A cikinsu akwai Hausar wancan lokaci, da ɗinkin wancan lokaci, da titunan Kano kafin gadoji, da gonakin bayan gari waɗanda yanzu gidaje ne. Ko fim ɗin bai yi kyau ba, abin da kyamara ta kama a bayan 'yan wasa ya zama tarihi.

Ni kaina na yi sakaci. Na ajiye buhu guda na kaset a ƙasan gado, damina biyu ban duba ba, da na jawo shi gara ta cinye kwalayen da sunayen, laima ta gama da sauran. Tun daga ranar na sayi farantin sola da batir, na samo wata 'yar na'ura da ke haɗa injin bidiyo da kwamfuta, wani jikana ya nuna mini yadda ake sarrafa ta. Aikin ba shi da gajeriyar hanya, kaset na awa biyu awa biyu yake ci, kana zaune kana gadi kada inji ya tauna. Kafin a sa shi sai an buɗe an goge funfuna da tsumma mai laushi, an juya shi gaba da baya. In na gama nakan ajiye kwafi biyu a wuri biyu, in rubuta sunan fim da na kamfani da shekara in sun fito a farkonsa, in mayar wa mai kaset abinsa. Ba na sayarwa, ba na kuma turawa kowa, domin fim ɗin yana da masu shi.

Kasakasan suna zuwa ne daga inda ba a zato, galibi daga ɗakunan tsofaffin mata, cikin akwatin kayan aure, a ƙarƙashin zannuwa, inda laima ba ta kai ba. Kwanan baya wata dattijuwa ta aiko mini da guda shida a ƙullin ɗankwali. Ɗaya ba shi da suna. Da na sa, sai na tarar da rabin wani fim ɗin Indiya, daga nan hoto ya yi rawa, sai ga hawan sallah a wani gari na ƙasarmu, wanda wani ya ɗauka a kan fim ɗin. Na kira dattawan unguwa, suka zauna suna nuna mutane da yatsa suna kiran sunayensu, mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Injuna biyu gare ni masu rai, na uku kuma na yanka shi ina ciro kayan gyara. Gangar ɗaya ta fara gajiya, na aika a duba mini a Sabon Gari da Ƙofar Wambai, har yanzu dai ba a samo ba.